Taya, birki ko sauke mota: ina za a fara zuba kuɗi a Golf GTI a Yamai?

Ranar da ƙanena ya kawo motar ƙofar gidanmu a Banifandu, yaran unguwa sun riga ni fitowa. Golf 5 GTI ce baƙa, ƙirar 2006, da jan zaren nan da ya zagaye hancinta, da jant, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, masu inci 18. Ya kashe inji, ya fito yana murmushi, ya ce, "Yaya, jaka ɗari huɗu suka rage min. Ina so in sauke ta ƙasa kaɗan, in kuma sa mata manyan birki. Da wanne zan fara?"

Ban ba shi amsa ba sai da na durƙusa gaban kowace ƙafa. Taya huɗu, kamfani uku. Biyun gaba suna ɗauke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, wato tayoyin hunturun Turai ne. Na jiƙa babban yatsa na goge ƙurar gefen ta baya, sai lambobi huɗu suka bayyana: 3814. Mako na 38 na shekarar 2014 ke nan aka yi ta. Tsakanin zanen kuwa duk ƙananan tsaga ne, kamar dugadugan ƙafa a lokacin ɗari. Na miƙe na ce masa, "Ƙanena, ajiye maganar saukewa da ta manyan birki tukuna. Kuɗinka na farko a nan ƙasa za su tafi."

Abin da muka tattauna a ranar da kwanakin da suka biyo shi ne nake son in shimfiɗa, domin irin waɗannan ƙananan motoci masu ƙofar baya da inji mai zafi suna shigowa hannun samari, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa. Golf GTI tun 1976 ake yin ta, ta farko da ƙarfin doki 110, ta biyar da ta fito a 2004 da 200. Akwai Peugeot 206 S16 da babbar yayarta RC mai 177, akwai Renault Clio RS mai 172 ko 182, akwai Toyota Corolla TS mai 192. Dukkansu masu ƙera su sun riga sun ba su birki da ƙafafun da suka fi na 'yan uwansu na yau da kullum. Matsalar ita ce motar da ta iso Yamai ta kusa shekara ashirin ko ta wuce, ta ci titin Turai, ta hau jirgin ruwa, ta biyo doguwar hanya daga bakin teku. Abin da kamfani ya sa mata ya gaji. Don haka ƙarin da ya fi araha, ya kuma fi jin daɗi a hannu, shi ne mayar mata da abin da ta rasa.

Bari in fara da abin da ya fi ci masa rai, manyan birki. Faifan birkin gaba na Golf 5 GTI milimita 312 ne, na baya 286. In ka taka da ƙarfi a kan gudro, za ka ji feda tana bugun tafin ƙafarka, ABS ke nan, na'urar da ke hana ƙafa kullewa, ya shigo don taya ta fara neman ja a ƙasa. Wannan bugun yana gaya maka cewa birkin ya riga ya fi ƙarfin tayar. In ka ƙara masa girma, sai dai ABS ya shigo da wuri, tazarar tsayawa tana nan yadda take. Duk nauyin motar, sama da tan ɗaya da kilo ɗari uku, a kan wuri huɗu yake tsaye, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Abin da waɗannan wurare huɗu suka iya riƙewa, shi ne iyakar birkinka, shi ne kuma iyakar kwanarka.

Lissafin yana da sauƙi, kuma na zana masa shi a ƙasa da tsinke. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Da taya mai kyau a busasshen gudro mai tsabta, za ta tsaya a wajen mita 39 ko 40 daga lokacin da birki ya kama. In riƙon tayar ya ragu zuwa kashi bakwai cikin goma saboda tsufa da bushewa, tazarar ta koma mita 56. Bambancin mita 16 ne, tsawon Golf huɗu a jere. Abin da ya sa ya yi shiru shi ne wannan: a daidai wurin da motar farko ta tsaya cak, ta biyun tana gudun kusan kilomita 55. Wanda ya taɓa ganin amalanken jaki ya fito daga bayan bishiya tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da magariba ya san abin da 55 ɗin nan ke nufi.

To wace taya? Hanya uku ce a gaban mai ƙaramin aljihu, kuma nan ne na fi son a tsaya a yi tunani.

Ta farko okaziyo, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai babban suna. Za ka ga Michelin ko Continental ko Pirelli an wanke an shafa mata baƙi tana ƙyalli, zanenta da sauran zurfi, kuɗinta bai kai rabin sabuwa ba. Ba duka ne marasa kyau ba, amma sai ka iya karanta su. Lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT su ne mako da shekara. Michelin da kanta tana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma ko da zanenta na nan. Wannan shawarar ta duniya ce baki ɗaya. Mu da gudro ke ƙona tafin takalmi a watan Afrilu da Mayu, iska ta haura digiri 40, ni ba na sayen wadda ta wuce shekara huɗu. Sai ka juya ta ka sa hannu ciki ka laluba faci, ka duba gefe ko akwai kumburi. Sannan ka nemi hoton dutsen nan mai kai uku. Tayar hunturu robarta an yi ta ne ta kasance da laushi a cikin sanyi, in ta hau titinmu sai ta yi taushi fiye da kima, ta ƙare da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara tsawo. 

Ta biyu sabuwa mai araha, irin waɗanda ke zuwa daga China da sunayen da ba ka taɓa ji ba. Ina fifita sabuwa irin wannan a kan babban suna mai shekara tara, domin aƙalla robarta ɗanya ce, ba ta taɓa cin rami ba. Inda suke gazawa shi ne jiƙaƙƙen titi. A busasshe ba za ka ji bambanci sosai ba a zirga-zirgar gari, amma ruwan farko na damina in ya haɗu da ƙura da man da ya ɗiga wata takwas a kan titi, hawan gadar Kennedy ma sai ka ji gaban motar yana sulɓi. Doki ɗari biyu a ƙafafun gaba ba sa yafe wa irin wannan taya.

Ta uku sabuwa daga sanannen kamfani. Ba lallai sai Michelin Pilot Sport ko Goodyear Eagle F1 ba, ko da yake su ne suka fi dacewa da motar. Hankook da Kumho da Falken da Toyo suna tsakiya, kuɗinsu ya fi sauƙi, aikinsu kuma ya isa. Wannan ita ce na zaɓa masa, kuma ita ta cinye fiye da rabin kuɗin. Araha ba ta ado, a taya kuwa ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Ko wacce ka ɗauka, karanta abin da ke bayan lambar girma. A 225/45 R17 91W, 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, W kuma gudun da ta jure ya kai kilomita 270. T 190 ne, H 210, V 240, Y 300. Ba don za ka yi wannan gudu ba. Tayar da aka gina don babban gudu ta fi jure zafi, mu kuma zafi ne abokin gabarmu. Da yawa suna da wani rubutu kuma na jure zafi mai harafin A ko B ko C. Nemi A. In kuɗinka na biyu ne kawai, sababbin su tafi baya, tsofaffin da suka fi dama su zo gaba. Masu faci da yawa za su yi maka gardama, su ce ai gaba ke ja. Gaba in ya zame, kana ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa ya dawo. Baya in ya zame a jiƙaƙƙen titi, kafin ka ankara motar ta juya tana kallon inda ta fito.

Sai maganar girman jant, wadda a nan ne muka fi daɗewa muna ja-in-ja, don yana ƙaunar inci 18 ɗinsa. A 225/40 R18, tsayin gefen taya milimita 90 ne. A 225/45 R17, 101. A 205/55 R16, 113. Dukkan ukun zagayensu kusan ɗaya ne, don haka agogon gudu ba ya ruɗewa. Gefen nan shi ne katifar da ke tsakanin bakin rami da jant. Milimita goma sha ɗaya kamar ba komai ba ne, amma su ne ke raba taya da ta tsira da wadda ta yi ƙulli a gefe, ko jant da ya lanƙwashe yana sakin iska a hankali. Wanda ba ya wuce Filato da titin filin jirgi zai iya zama da 18. Wanda ke shiga lungunan Bukoki da Talaje da damina, 17 ce tasa. Wanda kuwa Tawa ce gidansa, yana bin hanyar Tsarnawa da Badagishiri kowane wata, ni 16 zan ce ya duba, muddin jant ɗin ya wuce kan birki bai goga ba, kuma tayar ba ta gaza V ba. Zai rasa ɗan kaifin sitiyari, amma 205/55 R16 girma ne da motoci da yawa ke sawa, in ta fashe masa a hanya ya fi sauƙin samun madadi a Ƙonni ko a tsallaka Illela da Sakkwato. Mun sayar da na 18, muka sayi na 17 na asalin motar a wajen masu kayan okaziyo, har da ɗan canji a hannu.

Iska kuma kyauta ce. Adadin da ya kamata yana rubuce a murfin tankin mai ko a jikin ƙofa. A auna da safe kafin a tuƙa, domin kowane ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga awo da kusan bar 0.1. Kada a rage iska da rana don tsoron fashewa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke murɗawa ta yi zafi ta fashe.

Daga taya sai man birki, wanda tsofaffin makanikai ke ce wa lokid. Shi ne mafi araha a duk abin da zan ambata, shi ne kuma aka fi mantawa. Da muka kai motar garaji, makaniken, wani dattijo da na daɗe ina kai wa mota, ya sa siririn tiyo a bakin ƙafar baya ya zuba a tsohuwar robar ruwa. Abin da ya fito launin shayin da aka dafa sau uku ne, har da ɗan baƙin gari a ƙasa. Ya ɗaga robar ga hasken rana ya nuna wa ƙanena, ya ce, "Ɗana, wannan ya girmi lasisinka." Sabo launin man gyaɗa mai kyau ne, kana ganin yatsanka ta cikinsa.

Man birki yana shan ruwa daga iska, halinsa ke nan. Mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. In ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauka zuwa 155. DOT 3 kuwa 205 ne da 140, DOT 5.1 kuma 260 da 180. In ya tafasa sai tururi ya shiga layi, tururi kuma yana matsuwa, feda ta tafi ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Wani zai ce ai Yamai ba ta da tsaunuka, ina birki zai samu wannan zafi? A hanya zai same shi. Mota cike da mutum biyar da kaya, rana tsaka, kana saukowa daga 110 zuwa 20 a bakin kowane ƙauye saboda tudun rage gudu, ka sake tashi, ka sake takawa. Kuma zafin da birki ke sha ba ya tafiya daidai da gudu: daga 120 ya fi na 100 da kashi 44 cikin ɗari. Ya taɓa faruwa da ni a tsohuwar 206 da na riƙe, kusa da Badagishiri, garken awaki a gaba, feda ta nutse har sai da na buga ta sau uku kafin ta kama. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar ba na wuce shekara biyu ban canza ba.

Wanne za a saya? DOT 4 na sanannen kamfani, cikin gwangwani ko robar da ba a taɓa buɗewa ba, ya ishi kusan kowa, kuma lita ɗaya tana wanke layin duka. Kada ka yarda da wanda ake tsiyayo maka daga buɗaɗɗiyar roba, ya riga ya sha iska. Wanda ke son ƙarin kwanciyar rai, ATE Typ 200 yana da 280 a sabo da 198 in ya sha ruwa, kuɗinsa kuma bai yi nisa ba. Motul RBF 600 ya haura 300, amma an yi shi ne don filin tsere, ana son a riƙa canza shi akai-akai, ban ga dalilinsa a titi ba. Wanda za a guje wa shi ne DOT 5 zalla, ba DOT 5.1 ba, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba. A lokacin canji a kula kada kofin sama ya bushe, in iska ta shiga akwatin ABS sai an nemi kwamfuta kafin a fitar da ita.

Tun da ƙafafu na waje, a sa makanike ya zare ƙusoshin nan biyu da kan birki ke zamewa a kansu, ya wanke, ya shafa man da ya dace, ya duba robobin da ke rufe su. Ƙurarmu tana shiga ta daskare, birki ya riƙa riƙe faifai ko ba a taka ba. Alamarsa plaket, wato abin da ke matse faifai, na ciki ya cinye na waje na nan, ko jant ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya. Wannan aikin kuɗin hannu ne kawai, amma na ga ya gyara birkin da mai shi ke shirin kashe jaka ɗari a kansa.

Plaket kuma hawa uku ne. Akwai marasa suna da na jabu, waɗanda kwalinsu ke kwaikwayon babban kamfani. Su kan yi aiki a taka ɗaya ko biyu, in sun yi zafi sai su yi wari, fuskarsu ta yi santsi kamar gilashi, feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa. Akwai na daidai da asali: ATE, TRW, Textar, Bosch, Ferodo, Brembo. A bayansu za ka ga harafin E cikin da'ira da lambar da ta fara da 90R, shaidar dokar Turai da ta ce kada aikinsu ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Masu jabu ma sun iya buga lambar, don haka ka duba tsabtar rubutu, kaurin ƙarfen baya, ka kuma saya wajen wanda zai karɓa in ka dawo da shi. Sai na uku, na masu gudu, irin su Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff. Suna jure zafi ƙwarai, amma kuɗinsu ya ninka, suna zubar da baƙar ƙura, wasu suna ƙara, suna kuma cin faifai. Mafi yawanci sai an yi odarsu, kuma ka tuna yuro ɗaya sefa 655.957 ne, abin yuro 100 ya haura jaka 65 kafin kuɗin jigila da na duwan. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, jira ya ƙaru. Plaket na daidai da asali muka saya. In an sa sabo, a nemi titin da babu kowa da sassafe, a taka daga 80 zuwa 20 kamar sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi ɗan tafiya su huce.

Faifai ba ya buƙatar dogon bayani. A gefensa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda. Na gaban Golf 5 GTI sabo milimita 25 ne, iyakarsa 22. A auna. In bai kai iyaka ba, babu tsaga, sitiyari ba ya rawa in an taka, a bar shi. In za a canza, maras huji ya fi. Mai huji yana da kyan gani, amma masu arahar suna tsagewa daga bakin hujin, yashi kuma yana cika su. Tiyon birki mai saƙar ƙarfe yana ƙara wa feda tauri kaɗan, ba ya rage tazara. In na robar sun tsage ko sun kumbura a canza, in lafiyarsu lau kuɗin ya tafi wani wuri. In fitilar ABS na kunne a gyara ta, kada a cire ƙwan. Gaskiya ne a kan yashi da tsakuwa ABS kan ƙara tazara, amma shi ke barin sitiyari a hannunka ka kauce wa ɗan kabu-kabu.

Yanzu ga saukewa, abin da ya fi so. GTI ta biyar tun daga kamfani an sauke ta milimita 15 a kan Golf ta gama-gari. Resor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, irin na Eibach ko H&R za su ƙara sauke ta da wajen milimita 20 zuwa 30. A titin Jamus wannan yana rage jingina a kwana. A nan kuwa yana rage tazarar da ƙafa ke da ita ta hawa da sauka, ta yadda a kan titi mai gargada taya za ta riƙa tsalle maimakon ta manne, kuma tayar da ke sama ba ta birki ba ta kwana. Ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da tsayin da ta ga dama, ga yashin da ƙorama ke zubowa kan titi a watan Agusta. Masu Golf 4 sun fi kowa sanin wannan, kaskon man injinta na alminiyam ne kuma yana ƙasa, dutse ɗaya ya ishe shi. Garin gyaran gira a rasa ido. Mafi muni shi ne yanke resor da injin yanka, ko haɗa gajeren resor da amortisa, mai hana mota lilo, da ta gaji, ko kayan saukewa marasa suna masu zare a jiki, waɗanda ƙura ke cinye musu roba cikin shekara.

Abin da ke mayar wa mota da kwanarta yana ɓoye a ƙarƙashi, ba ya burge kowa. A ɗaga ta, a sa ƙarfe a girgiza kowace gaɓa. Silanblok, wato robobin hannun gaba, rotil, wato gaɓa mai ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kai, ƙananan sandunan da ke riƙe sandar hana jingina, kan amortisa na sama. A motar ƙanena manyan robobin bayan hannun gaba sun tsage duka biyun, shi ya sa take jan gefe in an taka birki, shi kuma yana zargin birkin. Na roba irin na asali, kamar Lemförder, sun fi min na roba mai tauri irin Powerflex, domin masu taurin suna kawo kowane rami cikin kujera, in ƙura ta shiga kuma sai kuka. Mai 206 kuwa ya tsaya bayan motarsa ya duba: in saman ƙafafun baya ya karkata ciki, ƙwallayen ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya sun ci, kuma babu tayar da za ta gyara wannan.

Amortisa, wato shokazoba a bakin 'yan Najeriya, in tana zubar da mai ko motar na lilo bayan rami, ta gama. Sachs, KYB, Monroe ko Bilstein B4 suna mayar da ita yadda ta fito. Bilstein B6 ta fi ƙarfi kuma ba ta sauke mota, ita ce ƙarin da zan yarda da shi ga wanda ke da hali, don tana riƙe jiki a dogon titi mai kwari da tudu. B8 ta saukakkiyar mota ce, ba tamu ba. Okaziyo a nan caca ce, matsawa da hannu a kasuwa ba ya nuna yadda za ta yi in ta ɗauki zafi. A canza biyu-biyu. Bayan duk wannan a kai ta a daidaita ƙafafu a kan na'ura, abin da ake kira paralelisim. Golf 5 har bayanta ana daidaitawa, don haka a ce a yi huɗun. In aka tsallake wannan, sababbin tayoyin nan za su cinye ta gefe ɗaya kafin Sallah ta zagayo.

Saura abu ɗaya da masana waɗannan motoci ke yabo, kuma da gaskiyarsu: sandar hana jingina mai kauri a baya. Mota mai ja da gaba tana son tura hanci waje a kwana, wannan sanda tana rage hakan, ba ta kuma taɓa tsayin mota. Amma tana sa baya ya yi saurin zamewa in ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, shataletalenmu kuwa ba sa rabuwa da yashi a gefe. Na ce masa ya yi shekara yana tuƙa motar da lafiyayyun ƙafafu tukuna, in har lokacin yana jin hancin na damunsa, sai mu sake magana.

Haka kuɗin suka tafi: taya huɗu na 17, lita ɗaya ta DOT 4, plaket na gaba, robobin hannun gaba, sandunan nan ƙanana biyu, da daidaita ƙafafu. Faifan an auna sun ba da 23.5, aka bar su. Amortisan baya ɗaya ta fara jiƙewa, amma aljihu ya ƙare, mun sa ta a lissafin bayan damina. Da ya ɗauko ni daga garajin muka bi ta gadar sama ta Mali Bero, ya taka birki a gangaren ya kalle ni, ya ce, "Yaya, ba ta jan hagu kuma." Ranar Juma'a mai zuwa zai kai Inna Tawa, na ce ya auna iska kafin rana ta fito, ya kuma taɓa kowane jant da bayan hannu in sun tsaya sallah a Doso.